Maganin gargajiya: Me ya sa masana kimiyya ke neman hujja?

A shekarar 2022, lokacin da mazauna garin Damari da ke mazaɓar Kazage a gabashin Birnin Gwari suka yi ta ƙaura saboda 'yan bindiga da mayaƙan ƙungiyar Ansaru, hanyar zuwa babban asibiti ta zama abin tsoro a yankin.

A irin wannan hali, waɗanda suka fi kusa da marar lafiya su ne mai saiwa da wanzami da maɗori. Ko bayan sulhun da gwamnatin jihar Kaduna ta sanar a watan Nuwamban 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, nisan ƙauyukan da ke bakin daji da asibiti bai ragu ba.

Shi ya sa muhawarar da ake yi a duniya kan ingancin magungunan da ba na asibiti ba ta shafi mutanen wannan yanki fiye da waɗanda ke yin ta a ɗakunan taro. Masu maganin na cewa dubban mutane sun sha sun warke. Masana kimiyya kuma na cewa warkewar mutum bayan ya sha magani ba ta isa shaidar cewa maganin ne ya warkar da shi ba.

Alluran ƙasar Sin

Babu inda wannan saɓani ya fito fili kamar a kan hanyar nan ta ƙasar Sin ta tsira siraran allurai a wasu gurabu na jiki, wadda ta yaɗu a Turai da Amurka tun daga shekarun 1970. Masu yin ta sun yi imanin cewa akwai wasu hanyoyi a jiki da ƙarfin rayuwa ke bi, kuma alluran na daidaita shi. Masu nazarin halittar jikin ɗan Adam dai ba su ga waɗannan hanyoyi ba.

A shekarar 2007 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 1,162 masu fama da ciwon baya. An kasa su gida uku. Kashi na farko an tsira musu allurai bisa ƙa'idar Sinawa. Na biyu an tsira musu sama-sama a wuraren da ba su cikin ƙa'idar, ba tare da sun sani ba. Na uku kuma aka ba su magani da motsa jiki irin na asibiti.

Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin ɗari na rukunin farko sun sami sauƙi. A rukunin alluran bogi kashi 44.2 ne. A rukunin asibiti kuwa, kashi 27.4.

Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi. Magoya baya suka ce ga shi allura ta fi ƙwaya. Masu shakka suka ce tunda na bogi da na gaskiya kusan ɗaya suke, to ba gurbin allurar ne ke aiki ba, kulawar da aka ba marar lafiya ce da kuma sa ran da ya yi cewa zai warke. Hukumomi ma ba su yi baki ɗaya ba: asusun inshorar lafiya na Jamus na biyan kuɗin wannan aiki ga masu ciwon baya, yayin da hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2016 cewa a daina yin sa domin wannan ciwo.

Ciwon baya dai ba ya kisa. A nan ne lissafin manomin Kazage ya bambanta da na ma'aikacin ofis a Jamus.

Gobe da nisa

Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, na cikin macizan da suka fi kashe manoma da makiyaya a arewacin Najeriya. Likitan nan ɗan Burtaniya, David Warrell, ya yi nazari a kan saranta lokacin da yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970.

Dafinta na hana jini daskarewa. Wanda ta sara kan iya yin kwana ɗaya ko biyu yana zaune yana magana, kafin jini ya ɓalle masa ta dasashi ko ta fitsari, ko kuma a cikin ƙwaƙwalwa. An ƙiyasta cewa idan babu allurar kashe dafi, tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin kowane ɗari da ta sara ne ke mutuwa.

Ma'anar wannan adadi ita ce, aƙalla mutum takwas cikin goma za su tashi, ko an ba su wani abu ko ba a ba su ba. Ƙari a kan haka, ba kowane maciji ne ke da dafi ba, kuma ko mai dafin wani lokaci yakan yi sara bai zuba ba. Don haka mai maganin maciji da ya ce yawancin waɗanda aka kawo masa sun rayu ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya gani ke nan da idonsa, kuma waɗanda suka rayun za su yi masa shaida a kasuwa. Sauran biyun ba sa nan balle a tambaye su.

A asibitocin da ke da ingantacciyar allura, irin na Kaltungo a jihar Gombe, mace-macen kan ragu zuwa kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Wannan tazara ce ba za a iya gani daga zaure ɗaya ba, sai an ƙirga mutane da yawa an kwatanta.

Gwaje-gwajen da aka yi kan baƙin dutsen da ake mannawa a wurin sara ba su nuna yana zuƙe dafi ba. Tsaga wurin da aska kuwa ƙara haɗari ne ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa. Matsalar ita ce allurar na da tsada kuma takan yanke, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017.

Tsirran da suka ci jarrabawa

Masu maganin gargajiya kan zargi likitoci da raina duk abin da ya fito daga daji. Tarihin maganin zazzaɓin cizon sauro bai goyi bayan wannan zargi ba. Daga wani ganye dangin tazargade, wanda ta ga ambatonsa a tsofaffin littattafan Sinawa, Tu Youyou ta fitar da sinadarin da a yau shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin a Najeriya, kuma ta sami lambar yabo ta Nobel a 2015. A Abuja ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta samar da Niprisan domin masu ciwon sikila daga wani haɗin tsirrai na gargajiya.

Amma ganye iri ɗaya ya fito a wani labarin na daban. A watan Afrilun 2020 shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya ƙaddamar da wani tsimi da ya ce yana maganin korona. Shugaba Muhammadu Buhari ya karɓi samfurinsa a watan Mayu, ya ce sai an gwada. Da NIPRD ta bincika, ta ce ba ta ga shaidar cewa yana warkar da cutar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi kan shan jiƙon ganyen domin zazzaɓi, saboda ba a san adadin sinadarin da ke cikin kowane kofi ba, kuma shan wanda bai isa ba na iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani.

Inda shugaba bai jira gwaji ba, an ga abin da ya biyo baya. A 2007 Yahya Jammeh na Gambiya ya ce yana warkar da cutar ƙanjamau da wani haɗin tsirrai, ya sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu na asibiti, ya kuma kori wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakku. Hukumar binciken gaskiya da aka kafa bayan faɗuwarsa ta saurari shaidu kan waɗanda suka mutu a shirin.

Lambar NAFDAC

A tashoshin mota da kasuwannin arewa, mai lasifika kan ɗaga kwalba ya ce tana da lambar NAFDAC, sannan ya lissafa basir da sanyi da ciwon suga da hawan jini. Abin da ba ya faɗa shi ne, rajistar da hukumar ke yi wa yawancin magungunan gargajiya ta tsaya ne a kan gwajin cewa ba su da guba. Ba ta tabbatar da cewa suna warkarwa ba, kuma ƙa'ida ta tanadi a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Batun ƙaho ya fi wannan sarƙaƙiya, domin yana da matsayi a wurin Musulmi. Tambayar likitoci a kansa ta fi karkata ga askar: ko an yi wa wani aiki da ita kafin nan, tunda ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau na bin jini.

Najeriya ta fitar da manufarta kan maganin gargajiya tun 2007, amma gwada magani a kan ɗaruruwan mutane na bukatar kuɗin da mai saiwa a ƙauye ba shi da su. Yawancin saiwoyi da ɓawon itatuwan da ake saro wa daga dazuzzukan Kamuku da Kuyambana ana kai wa kasuwa, babu wanda ya taɓa yi musu irin gwajin da aka yi wa alluran Sinawa a Jamus.