Wa Ake Ba Ɗakin Haya a Mardjandafak?

Ambaliyar 2022, lokacin da kogunan Chari da Logone suka yi toroƙo, ta raba dubban mazauna Njamena da muhallinsu, neman ɗakin haya ya ƙara tsanani. A Mardjandafak muna jin tambayoyin masu gida: wata nawa za ka biya gaba? Kai ɗan wace ƙabila ne? Ta farko aljihu take aunawa, ba amana ba. Ta biyu kuwa Musulunci bai san da ita ba.

Ba mu hana bincike ba, haƙƙin mai gida ne. A tambayi inda mutum ya taso, a nemi mai tsaya masa, a rubuta kuɗi da wa'adi gaban shaidu. Gwauron da ake kora tun daga zaure, sau da yawa ɗalibi ne da ke sahu ɗaya da mu a sallar asuba.