Kowa Zai Mutu, In Ji Sanata

Ranar 30 ga Mayu, 2025, a garin Parkersburg na jihar Iowa ta Amurka, Sanata Joni Ernst ta tsaya gaban mutanen da suka zaɓe ta tana kare shirin jam'iyyarta ta Republican na zaftare kuɗin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Wata mata ta ɗaga murya daga cikin taro ta ce mutane fa za su mutu. Sanata ta ce ai dukanmu ma mutuwa za mu yi. Washegari, maimakon ta nemi afuwa, sai ta saki bidiyon ba'a tana tafe a wani wuri mai kama da maƙabarta.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wa bai san mutuwa rigar kowa ba ce? Amma wannan maganar zaman makoki ce, ana faɗarta bayan an dawo daga kushewa don a sanyaya zuciyar masu rashi. Ba a faɗa wa majinyaci ita yana kwance, balle a ji ta daga bakin wanda makullin ɗakin magani ke aljihunsa.

Masu kare shirin suna rantsuwa cewa ba su taɓa tsofaffi ba, wai Medicare na nan daram. Wannan wayon a ci ne. Gaskiya ne Medicare, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, ita ce inshorar masu shekara 65 zuwa sama, kuma guminsu ne, don duk tsawon aikinsu ana yankar musu wani kaso na albashi saboda ita, wanda yau ya kai kashi 1.45 cikin ɗari. Sai dai Medicare ba ta ɗaukar doguwar jinya. Idan tsoho ya kai matsayin da sai an ɗaga shi, an yi masa wanka, an ba shi abinci a baki, kuɗin gidan kula da tsofaffi ya haura dala dubu ɗari a shekara. Sai ya cinye abin da ya tara, a yawancin jihohi har ya rage masa dala 2,000 kacal, sannan Medicaid ta karɓe shi. Kusan shida cikin goma na mazauna waɗannan gidaje ita ke biya musu. To ita ce aka zaftare wa kusan dala tiriliyan ɗaya cikin shekara goma, a dokar da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025. An bar maka rigarka, an janye tabarmar da kake kwance a kai, an ce ba a taɓa ka ba.

Ina da ƙanwa a Bronx ta birnin New York, cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da ke aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Tsohuwar da take kula da ita ɓarin jikinta ya shanye. Da safe ƙanwata ke juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ta jera mata ƙwayoyin mako a ɗan akwatin roba mai gida bakwai, ta taje mata furfura. Mama take ce mata. Ƙanwata ta ce mini, "Yaya, duk wasiƙar da ta shigo sai hannun Mama ya kama rawa kafin in buɗe, tana tsoron an rage mata awanni." Tsoronta kuwa ba na banza ba ne. A doka, biyan kuɗin gidan tsofaffi wajibi ne a kan jihohi, amma yawancin kulawar cikin gida ganin dama ce. In kuɗin tarayya ya ja baya, kowa ya san inda wuƙa za ta fara sauka.

Sai su ce ai 'yan zaman kashe wando suke nema, shi ya sa suka gindaya sharaɗin aikin awa 80 a wata ga masu shekara 19 zuwa 64. Ɗan shekara 62 da gwiwa ta gaza bayan shekara arba'in yana sauke kaya, shi ne ɗan zaman kashe wando? An ma gwada abin a jihar Arkansas a 2018. Mutum sama da 18,000 suka rasa inshora, aiki kuwa bai ƙaru ba. Cike takarda a intanet ne ya kayar da mutane, ba lalaci ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokoki da kansa ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10 za su ƙaru a sahun marasa inshora zuwa 2034. Kuma a cikin dokar nan ɗin ne aka ɗaga gadon da ba a biya wa haraji zuwa dala miliyan 15. Magajin attajiri an sauƙaƙa masa, tsohuwar Bronx an bar ta da rawar hannu.

Abin da ya burge ni shi ne tsofaffin ba su naɗe hannu ba. Sun cika tarukan 'yan majalisa, sun dame su da waya, ƙungiyar tsofaffi ta AARP mai mambobi kusan miliyan 38 ta yi ta aika wasiƙu. A watan Yunin 2025 an ga masu keken guragu a ginin ofisoshin sanatoci, 'yan sanda na ɗaure musu hannu da igiyar roba. Ba yau suka fara ba. A 1989 tsofaffin Chicago sun tare motar Dan Rostenkowski, shugaban kwamitin haraji na majalisar wakilai, saboda wani ƙarin haraji da aka ɗora musu da sunan inshora, har sai da ya fito ya ranta a na kare. Kafin shekarar ta ƙare an soke dokar.

Wannan karon ba su yi nasara ba, amma da jiɓin goshi aka wuce da dokar Trump: 50 da 50 a majalisar dattawa sai da mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama, 218 da 214 a ta wakilai. Kuma dubi inda suka ajiye ranar fara tilasta sharaɗin aikin: Janairun 2027, wata biyu bayan zaɓen 'yan majalisa. In maganin mai daɗi ne, me ya hana a shayar da mutane kafin su kaɗa ƙuri'a? Ita kuwa Sanata Ernst, tun a Satumban 2025 ta sanar cewa ba za ta sake tsayawa takara ba.