Kwalbar Marke da tukunyar kifi

Ƴan kasuwarmu masu sarin takalma a Italiya sun san jihar Marke, inda garuruwan Fermo da Macerata suka yi suna wajen ɗinkin fata. Ciniki a can ba ya ƙarewa sai an zauna cin abinci, kuma da wuya a rasa kwalbar Verdicchio bisa tebur.

Farar giyar inabi ce da ake nomawa a tuddan Jesi, kusa da Ankona. Sunanta daga kalmar «verde» yake, wato kore, don launin ƴaƴan inabin. A 1968 hukuma ta ba ta shaidar asali ta DOC. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 12 cikin ɗari ko fiye. Saboda ɗan tsaminta, mutanen ƙasar suna haɗa ta da kifi, musamman brodetto, miyar kifin tekun Adiriyatik.

To, ga inda hankali ya kamata. Ƙin karɓar kofi abu ne mai sauƙi: ka ce «non bevo, grazie», a kawo maka ruwa, ba mai jin haushi. Amma sau da yawa ana zuba giyar nan cikin miyar kifi ko shinkafar risotto, kuma wuta ba ta korar barasa duka. Haka zaitun ɗin Askoli, galibi da naman alade ake cusa shi.

Don haka tambayi mai masauki tun kafin a ɗora tukunya. Gasasshen kifi da lemun tsami da man zaitun ya ishi baƙo, ciniki kuma ya tafi lami lafiya.