Ƙari Ba Gyara Ba Ne, Malam

Malam, na karanta shawararka cewa man giya ba a canza shi, in ya yi yoyo a ƙara kawai. Da gani ba ka taɓa bin tsohuwar Hilux mai lodin gero daga Babban Mutum zuwa Baure ba.

Kafin a ƙara, a san daga ina yake zuba. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana. Ɗigo mai kauri da warin farar wuta man giya ne, baƙi mai ruwa-ruwa kuwa na inji. Galibi sil ɗin bayan giyabos ne ya bushe, wurin da farfela ke shiga. Amma a duba kafar numfashi ta sama tukuna: ƙurar hanya kan toshe ta, giyabos ya yi zafi, iska ta rasa mafita ta turo mai ta sil. Ko ka sa sabon sil, zai sake zuba.

Batun canji kuwa, kwance notin ƙasa ka ga garin ƙarfen da ya manne a maganaɗisunsa. Sauransa na yawo cikin tsohon man, yana cin haƙoran giya. A kansa kake so a zuba sabo?