Waiwaye: Sarkin da Talakawansa ke Gyara wa Fada

Shekaru hamsin baya, masana sun ɗauka cewa da zarar mutum ya girma, mahaɗun jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa sun zauna ke nan, ba ƙari ba ragi. A sha'anin haihuwa kuwa ƙwaƙwalwa ce sarki. Wani lungu a ƙasanta, haifotalamus, yana sakin sinadarin GnRH, wanda Andrew Schally ya fayyace ƙirarsa a 1971. Sinadarin ya zaburar da fituwitari, wani ɗan ƙullutu a gindin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya aika saƙo zuwa gidan ƙwan mace ko marainan namiji. An san cewa na ƙasa kan mayar da amsa, sai dai ba a zaci har gyaran fada suke yi ba.

Birai ne suka fara warware zancen. A Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, Ernst Knobil da abokan aikinsa sun lalata lungun da ke sarrafa GnRH a ƙwaƙwalwar biran risos, sannan suka riƙa ɗura musu sinadarin ta jijiyar jini. Da aka bar shi yana zuba ba yankewa, sai fituwitari ya yi gum. Da aka koma ɗurawa na minti shida a kowace awa, sai ya farfaɗo. A 1978 aka buga wannan sakamako. Bayan shekara biyu, da wannan dabarar suka sa ƙananan birai mata da ba su balaga ba suka fara al'ada da sakin ƙwai. Da aka kashe famfon ɗurawar, suka koma ƙuruciyarsu. Ashe yawan abu bai kai daidaita lokacinsa muhimmanci ba, darasin da masu ganin ƙarin magani shi ne ƙarin lafiya har yau ba su koya ba.

Daga nan aka leƙa cikin ƙwaƙwalwar kanta. A 1991, Joan Witkin da abokan aikinta a Jami'ar Columbia sun duba ƙwayoyin jijiya masu sarrafa GnRH da madubin lantarki mai girmama abu. A biran da aka cire wa gidan ƙwai, mahaɗun da ke kai saƙo ga waɗannan ƙwayoyi sun ragu, wasu ƙwayoyi masu suna giliya kuma sun miƙo siraran yatsu sun lulluɓe su. A waɗanda aka mayar wa sinadaran mata, lulluɓin ya ja baya. Ƙungiyar Frederick Naftolin a Yale ta ga istirojin, ɗaya daga sinadaran mata, na sauya adadin mahaɗu a haifotalamus, da fari a ɓeraye, daga baya a biran Afirka dangin kirka.

A ganina, dagewa kan biri ita ce hikimar. Ɓera namiji ba ya iya ambaliyar sinadarin LH da ke sa sakin ƙwai, amma tun 1973 ɗakin binciken Knobil ya nuna cewa biri namiji da aka dandaƙe yana iyawa idan aka ba shi istirojin. Wanda ya tsaya kan ɓera zai yi wa ɗan Adam gurguwar fahimta.

Shirun nan da fituwitari ya yi ma bai tafi a banza ba. Da shi likitoci ke dakatar da balagar da ta zo wa yaro da wuri, kuma a kansa aka gina allurar leuprolide, wadda Amurka ta amince da ita a 1985 domin masu kansar furosteti.