Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Gyaran Jirgin Shaƙatawa Da Haƙƙin Fasinja



A 'yan shekarun nan jirgin ruwan shaƙatawa ya fara leƙowa cikin labaranmu. Attajiri ya auri yarinya, sai mu ɗauke su mu kai su tsakiyar teku cin amarci, ga fitilu, ga kaɗe-kaɗe, ga abinci kala-kala, komai fes kamar jiya aka ƙera shi. Ba laifi ba ne. Amma jirgin nan ƙarfe ne, kuma zaune yake cikin ruwan gishiri dare da rana. Gishiri kuwa ba ya hutu. Don haka a yau muna son mu leƙa ɓangaren da ba a saka shi a hoton talla, wato lokacin gyara, da abin da yake jawo wa mutumin da ya biya kuɗinsa ya hau. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: gyara wajibi ne, amma kamfanin da ya tura aikin gyaransa cikin kwanakin da ya riga ya sayar wa fasinja, ba tare da ya faɗa masa ba, ya ci haƙƙinsa.

Mu fara da yadda abin yake. Akwai yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS. An fara rubuta ta a 1914, bayan nutsewar Titanic a 1912, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1974 ce, ƙarƙashin hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, da ke Landan. A tsarinta dole a duba gindin jirgin fasinja duk shekara, kuma a ƙa'ida sau biyu cikin kowace shekara biyar sai an fitar da shi daga ruwa gaba ɗaya, in ban da sababbin jirage da akan yi wa sassauci. Yadda ake fitar da shi kuwa abin kallo ne. Akwai wani wawakeken kwarmi na kankare a bakin teku, mai ƙofa. A cika shi da ruwa, jirgi ya shigo a hankali, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan da famfuna har jirgin ya sauka ya zauna a kan dirakun da aka jera daidai da siffar gindinsa. Daga nan sai aiki: a wanke gindin da ruwa mai ƙarfi, a kankare gansakuka da ƙananan halittun da suka manne, a sake fenti, a duba farfela da fukafukan da ke hana jirgi tangaɗi, a gyara injina. A ciki kuma ana ɗaye kafet, ana sauya katifu, ana fasa wannan ana gina wancan. 'Yan kwangila kan kwana a ɗakunan fasinjoji, aiki ba dare ba rana. Gyara na yau da kullum mako biyu ne zuwa uku. Babba kuwa yakan ci watanni: a 2019 Oasis of the Seas ya yi kwana 63 a Kadiz ta ƙasar Sifen, aka kashe masa dala miliyan 165.

Duk wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne, ya tambayi mutanen da ke cikin Carnival Triumph a watan Fabrairun 2013. Tiyon mai ne ya yi yoyo a ɗakin inji, wuta ta tashi, lantarki ya ɗauke a tsakiyar tekun Meksiko. Mutum sama da 4,000 suka yi kwanaki ba sanyaya ɗaki, ban-ɗakuna sun daina aiki, har aka koma raba leda don biyan buƙata, kafin a jawo jirgin zuwa Mobile a jihar Alabama. Tiyo fa! Ko kuma Viking Sky a ranar 23 ga Maris 2019, a gaɓar Norwe. Baƙin man da ke tankunan injina bai kai rabi ba, igiyar ruwa ta yi ta jijjiga jirgin har famfuna suka fara zuƙar iska, injinan suka kashe kansu. Mutum 1,373 ke ciki, duwatsu na kusa, sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe 479 ɗaya bayan ɗaya. Binciken hukumar Norwe ya nuna jirgin ya baro Tromso ne alhali ɗaya daga cikin janaretocinsa huɗu ba ya aiki. Har gansakuka ma tana iya ɓata hutu: a ƙarshen 2022 an hana Viking Orion shiga wasu tashoshi a Niyu Zilan saboda dattin halittun da ke gindinsa, fasinjoji suka ci sabuwar shekara a kan ruwa suna hangen ƙasa, sai da masu nutso suka kankare shi a wajen Adiled. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan ba mu da ja a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Jirgin da ke zaune a kwarmin gyara ba ya kawo ko sisi, ga kuɗin hayar kwarmin, ga albashi. Mu ƙaddara jirgi mai fasinja 2,000, mu ce kowane mutum ɗaya yana shigo da dala 100 kacal a rana. Rana guda ta zaman gyara ta cinye dala 200,000 ke nan, tun ba a sayi gwangwanin fenti ba. To wane manaja ne ba zai so ya rage kwana uku ko huɗu ba? Hanya mafi sauƙi ta ragewa kuwa ita ce a fara aikin tun fasinjoji na ciki a tafiyar ƙarshe kafin gyara, ko a ƙarasa shi suna ciki a tafiyar farko bayan gyara. Kwanakin da aka rage ba ɓacewa suka yi ba. Daga cikin hutun wani aka yanko su.

Abin da ya faru da Norwegian Sun a watan Maris na 2018 shi ne misalin da ya fi fito da wannan fili. Tafiya ce ta kwana 15, daga Mayami zuwa Los Anjalis, ta mashigin Panama, irin tafiyar da mutum kan yi shekaru yana tara mata kuɗi, da yawansu ma tsofaffi ne da suka yi ritaya. Jirgin na da alƙawarin shiga gyara a Biktoriya ta Kanada da zarar an sauke su. Sai ma'aikata suka fara aiki tun ana kan hanya. Aka killace sassan saman jirgi, aka shiga kankare daɓe da injin gurza, ƙura na tashi, warin sinadarai na shiga hanci, ƙara ba ƙaƙƙautawa. Fasinjoji suka koka da tari da ƙaiƙayin ido, suka ɗauki hotuna da bidiyo, suka buɗe zaure a Facebook suna tara shaida. Ku tuna fa, wannan ba otal ba ne da za ka ɗauki jakarka ka tsallaka titi ka kama wani. Hagu ruwa, dama ruwa. Da farko kamfanin ya ba da haƙuri ya ce zai yi musu rangwamen kashi 25 cikin ɗari a tafiya ta gaba. Da surutu ya yi yawa, kafafen labarai suka ɗauka, sai ya mayar da shi kashi 100.

Wasu za su ce ai an biya su, magana ta ƙare. Mu dai ba mu gamsu ba. Abin da aka ba su takardar wata tafiyar ce a jirgin kamfanin da ya ɓata musu ta farko. Wanda ya ɗauki hutun shekara a wurin aiki, hutun ya tafi. Wanda ya sayi tikitin jirgin sama zuwa Mayami, sai ya sake saye. Tsohuwar da ta yi wannan tafiya don ita ce ta ƙarshe da ƙafafunta za su iya ɗauka, me takarda za ta yi mata? Kamar ka ɗauki shatar mota zuwa biki ne, direba ya tsaya a hanya yana sauke giyabos, biki ya watse, sannan ya ce kada ka damu, wani bikin kyauta zai kai ka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In askin ya gagara, kuɗin ake mayarwa, tsabarsu.

Don adalci, kamfanoni ma suna da abin cewa. Jirgi ba ya rabuwa da gyara ko da rana ɗaya. Duk wanda ya tashi da asuba a irin wannan jirgi zai tarar da wani yana shafa fenti a jikin ƙarfe, wani yana goge katako, wani ya rufe lungu guda yana canjin famfo. In aka ce sai an shiga kwarmi za a taɓa komai, tsatsa za ta riga kowa isa. Wannan gaskiya ne, kuma fasinja mai hankali ba ya fushi don an rufe wurin ninƙaya na yini guda. Za su kuma ce takardar sharuɗɗan tikiti ta ba su damar sauya tsari da rufe wasu wurare. Ita ma gaskiya ce. Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin ɗan taɓe-taɓen yau da kullum da aikin kwangilar da aka tsara tun watanni, aka yi odar kayansa, aka ɗauko ma'aikatansa aka ba su ɗakuna. Na biyun kamfani ya san da shi tun kafin jirgi ya ɗaga. In ya sani ya yi shiru, ƙananan rubutun da ke ƙasan tikiti na iya kare shi a kotu, amma ba su mayar da shirun gaskiya ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba wanda ya shirya ta. A ranar 1 ga Afrilun 2019, ƙugiyar ɗaga kaya ta faɗo kan Oasis of the Seas a wurin gyara na Firifot, tsibirin Bahamas, mutum takwas suka ji rauni, aka soke tafiye-tafiye uku. Jirgin da ke ɗaukar fasinja sama da 5,000 a tafiya guda, ku lissafa gidaje nawa labarin ya shiga. Kwarmin da zai iya ɗaukar jirgi mai tsawon mita 360 ba su da yawa a duniya, shi ya sa sai da ya tsallaka tekun Atilantika zuwa Kadiz. A irin wannan ba ma zargin kowa da ɓoye-ɓoye. Abin dubawa kawai shi ne yadda aka yi gaggawar sanar da mutane da yadda aka mayar musu da abinsu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ba kowane gyara ne alheri ga fasinja ba, ko da an gama shi lafiya. A 2005 an yanka Enchantment of the Seas gida biyu a Rotadam, aka cusa masa sabon yanki mai mita 22 a tsakiya, aka sake haɗe shi da walda. Kamfanin MSC ya yi wa jiragensa huɗu irin wannan a Palamo tsakanin 2014 da 2015, kowanne aka ƙara masa mita 24. Aikin injiniya ne na ban mamaki, mu da muka ɗan zauna a ajin kwalejin fasaha ma sai da muka riƙe baki. Amma abin da ake ƙarawa galibi ɗakunan kwana ne, domin su ke kawo kuɗi. Ko ba a tsawaita jirgi ba, akan mayar da wani falon zama ko wurin shan iska ɗakuna, ko gidan abincin da sai ka biya daban. Tsohon fasinja ya dawo ya tarar da sabon kafet da sabuwar katifa, ya kuma tarar da layin abinci ya ƙara tsawo, lungun da yake zama ya yi karatu ya zama kanti. Shi a wurinsa gyaran gangar Abzinawa aka yi. Carnival Triumph ɗin nan ma yana nan yana yawo: an kashe masa kusan dala miliyan 200 a Kadiz a 2019, aka sauya masa suna zuwa Carnival Sunrise.

Abin da muke ganin ya dace ba shi da wuya. Kamfani ya san ranar shiga gyara tun fiye da shekara guda, domin kama kwarmin ake yi tun da wuri. To ya rubuta ɓaro-ɓaro a shafin sayar da tikiti cewa wannan ita ce tafiyar ƙarshe kafin gyara, ko ta farko bayansa, ga wuraren da za a rufe, ga irin aikin da za a yi. Ya rage farashi. Za a samu masu so, domin akwai wanda ƙarar guduma ba ta dame shi ba in dai da rahusa. Mai ciwon asma da mai jariri kuma su zaɓi wani makon. Aikin da ke tayar da ƙura ko warin sinadari kuwa, wannan bai kamata a yi shi da fasinja a ciki ba ko da an sanar, domin asibitin cikin jirgi ɗan ƙarami ne.

Ga masu shirin kai amarya da ango teku a babi na gaba, ku gwada saka su a tafiyar ƙarshe kafin gyara. Ango ya biya kuɗin ɗaki mai baranda don ya burge, sun buɗe labule da safe, sai ga wani bawan Allah sanye da takunkumi yana gurzar ƙarfe a saitin tagarsu, kuma tashar gaba sai bayan kwana uku.