Sabon farantin sola da ake ta labari: zai jure ranar Jazira?

 Zancenmu na wannan mako a kan sola ne, kuma duk mai iyali a Jazira ko Sinnar ko Damazin ya san dalili. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kahraba, wato wutar lantarki, ta zama abin da ba a dogara da shi. Madatsun Rusairis da Marawi suna nan, amma wayoyi da tashoshin rarraba wuta sun sha wahala. A ƙauyukanmu, daga Maiwurno har kambunan da ke kewaye da Wad Madani, farantin sola ne yake cajin wayar da kuɗin Bankak ke shigowa, shi ke jan ruwa daga rijiya, shi ke riƙe firjin da ake ajiye allura. Wanda ke Saudiyya ko Libiya in ya turo kuɗi gida, sau da yawa abin da yake fara cewa shi ne a sayi faranti da batir.

To yanzu wani sabon suna ya fara yawo a wayoyi: ferobskait. Ana cewa ya fi farantin da muka sani ba da wuta, kuma zai fi shi araha. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba, kuma ragowar ce ta shafi aljihunmu.

Asalin sunan na wani dutse ne da aka gano a duwatsun Ural na Rasha a 1839, aka ba shi sunan wani masanin ma'adinai, Lev Perovski. Wanda ake sola da shi ba haƙo shi ake yi ba. Haɗa shi ake yi da sinadarai, akasari dalma da aidin, ya fito da tsari irin na wancan dutsen. Farantin da ke kan rufinmu na silikon ne, wanda sai an narkar da shi a zafin da ya wuce digiri 1,400 kafin a yanka shi. Shi kuwa sabon, shafa shi ake yi a kan gilashi kamar fenti, a busar da shi da zafi kaɗan, kaurinsa bai kai na gashin kai ba ko kusa. Daga nan ake sa ran arahar za ta zo.

Saurin ci gabansa ne ya ba masana mamaki. A 2009 wani malamin jami'a a Japan, Tsutomu Miyasaka, ya gwada shi, ya mayar da kashi 3.8 cikin 100 na hasken rana zuwa wuta. Cikin shekara goma sha biyar aka kai kashi 26 a ɗakin gwaji. Sai aka zo da dabarar ɗora shi a kan silikon, hawa biyu, na sama ya sha wani sashe na haske, na ƙasa ya sha wanda ya wuce. Da wannan kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 34.6 a 2024, alhali silikon shi kaɗai ba zai iya wuce wajen kashi 29 ba ko me aka yi masa. A watan Satumba na 2024 kamfanin Oxford PV ya aika kayansa na farko na sayarwa zuwa Amurka daga masana'antarsa ta Jamus, kuma cikakken farantin yana ba da kashi 24.5. Ku lura da tazarar: abin da ɗan ƙaramin yanki ya yi a ɗakin gwaji daban, abin da babban faranti ya yi a rana daban.

Babbar matsalarsa ƙarko. Abubuwan da ke lalata shi su ne zafi, danshi, iska da hasken rana mai ƙarfi in ya daɗe a kansa. Samfuran farko cikin kwanaki suke sauya launi su mutu in danshi ya taɓa su. An gyara haɗin, an koyi rufe shi tsakanin gilasai biyu, ya ƙara kwana ƙwarai. Sai dai har yanzu babu farantin ferobskait da ya yi shekara ashirin a kan rufi, domin fasahar kanta ba ta kai wannan shekarun ba. Na silikon mai kyau kuwa da garantin shekara 25 ake sayar da shi, kuma an ga waɗanda suka cika su.

Yanzu ku kawo shi ƙasarmu. Lambar da ke bayan kowane faranti a digiri 25 aka auna ta. A Madani, watan Afrilu da Mayu iska kanta tana wuce digiri 40, faranti a kan kwano kuwa ya haura 60. Habub ya zo ya kankare gilashi da yashi, damina ta biyo da danshin gonakin Jazira da bakin kogi. Sannan kaya kafin ya iso mu daga Bur Sudan ya sha jijjiga a bayan lori. Ƙaramar tsaga a gefe, wadda silikon zai yi shekaru da ita, ta isa ta shigar wa sabon da ruwa.

Sai batun dalma. Ba ta da yawa a ciki, amma irin wadda ruwa ke narkarwa ce. Mun san abin da muke yi da fasasshen faranti: a rufe akurki da shi, ko yara su ɗauka su yi wasa. Wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, ba zai raina wannan ba. Kuma tunda zancen ya zo, tsohon batir da muke yarwa a bayan ɗaki ya fi faranti dalma nesa ba kusa ba. A kawar da shi daga inda yara da awaki suke tun yau.

Abin da nake tsoro shi ne sunan zai riga kayan isowa kasuwa. Za a manna takarda a jikin tsohon faranti a ce sabon samfuri ne, a ƙara kuɗi, ɗan kasuwarmu ya saro ya sayar wa maƙwabcinsa. In ya mutu bayan damina ɗaya, mai masana'anta yana can nesa, kai ne za ka haɗu da mai saye a masallaci. Don haka duk wanda ya kawo maka shi, ka tambayi sunan kamfanin, garantin shekara nawa a rubuce, wa zai karɓa in ya lalace, kuma a wace ƙasa mai zafi ya taɓa yin aiki. In amsa ta gagara, cinikin biri a sama ne, ka bar shi.

Wanda aka turo wa kuɗi bana, ya sayi silikon na kamfanin da aka sani, ya auna shi da mita a gaban mai sayarwa, ya ɗaga shi daga kwano don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, ya riƙa share ƙura da sassafe. Kada a zauna cikin duhu ana jiran sabon. Idan masu yin sa suka shawo kan zafi da danshi, ƙasa mai rana irin tamu tana cikin waɗanda za su fi amfana, kuma a lokacin ni ma zan sa shi a shago. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa.